Matar da Ke Kuka a Bakin Gada

Hoton da ya fi tara jama'a a ɗakin baje kolin na wata mata ne durƙushe a bakin gada, hannuwa a ka, hasken yamma ya zubo mata a kafaɗa. A ƙasansa an rubuta "Rashi". Auta ne ya ɗauka, kuma ko takalmi bai sa ba wajen ɗaukarsa. A cikin gem, wasan bidiyo, ya yi abinsa, irin wanda ake tsayar da komai cak, a juya kyamara yadda rai ke so.

Yayarsa tana tsaye a gefe, riƙe da lemon da sanyinsa ya fita. Ita ta san yadda aka haifi hoton nan, don a falonta aka yi, a talabijin ɗinta, tana kan keken ɗinki tana gani. A cikin wasan akwai wani masunci da ke ratsa gadar tare da matarsa. Auta ya gano cewa in aka ture mijin ya faɗa ruwa, matar zubewa take yi, ta yi ta kuka. Sai ya ture shi. Haske bai yi ba. Ya mayar da wasan baya, ya sake turewa. Tsuntsu ya gitta. Kwana da kwanaki bawan Allahn nan yana nutsewa, Auta yana tsaki, wai gajimare ya ɓata masa aiki.

Yanzu ga wani mai gemu da ake kira Farfesa yana nuna hoton da bakin tabarau.

"Ku dubi tausayi! Wannan yaro da zuciya yake ɗauka, ba da ido ba."

Auta ya sunkuyar da kai, irin na wanda kunya ta kama da gangan.

Duk wannan Yaya ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne jin shugabar ƙungiyarsu, ta matan da suka rasa mazajensu, tana cewa za ta saya a rataya a ofis. Wato a saman kujerar da Yaya ke zama tun da nata mijin ya rasu, kullum ta ɗaga kai ta ga aikin ƙanenta.

"Ranki ya daɗe," in ji Yaya, "ki tambaye shi wa ya kashe mijin matar nan."

"Haba Yaya," Auta ya ce ƙasa-ƙasa, "zane ne fa. Ba shi da rai."

"To in ba shi da rai, tausayin wa kake sayarwa?"

Ta zayyana musu komai, har da tsuntsun. Ta ɗauka ta gama da shi.

Sai Farfesa ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Kun ji zurfi? Mai hoto shi ne mai laifi! Ai ma'anar kenan, mu ne ba mu gano ba!"

Tafi ya ɓarke. Auta, wanda bai taɓa tunanin haka ba ko a mafarki, ya shiga gyaɗa kai a hankali kamar dama jira yake a gane. Shugaba ta ce yanzu ma ta fi son hoton, a naɗe mata shi da kyau kar ya karce.

Yaya ta ajiye lemon, fuskarta ta yi nauyi, idanunta sun kawo ruwa don takaici. Auta ya kalle ta, ya kalli tagar da ke bayanta. A hankali ya zaro waya.

"Yaya, tsaya haka, kar ki motsa. Wallahi hasken ya zauna miki."

Ta dube shi. Ranar da aka fitar da gawar mijinta, yana ɗaki da abin danna gem a hannu, sai da aka aika aka kira shi.

"Ka makara, Auta," ta ce, ta sa tafin hannu ta rufe kyamarar. "Ni nawa sau ɗaya ya mutu. Ba a mayarwa baya."