Babur Ɗin Duane Ba Ya Hawa Mota

Sau uku Arvo Lahti yana ƙoƙarin jan zif ɗin rigarsa ta fata, yatsun suna ƙi. A na huɗu ya kama da haƙori ya ja. Marlys, matar marigayi Duane, tana tsaye a bakin gareji cikin baƙaƙen kaya, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Abokinku Curt ya ce in ba za ka iya ba, a ɗora babur ɗin a bayan a-kori-kurarsa," in ji ta. "Ba abin kunya ba ne, Arvo."

"Shekara arba'in babur ɗin mijinki bai taɓa hawa bayan mota ba. Ba yau zai fara ba."

Al'adar mahaya babur na garin Ely ce, in ɗayansu ya mutu, babur ɗinsa ke shiga gaban gawa har makabarta, amininsa a kai, hular kwanon mamacin ɗaure a kujerar baya. Kowa ya san Arvo ne aminin Duane. Kowa kuma ya san sanyin ƙashi ya cinye hannunsa na hagu, da iska ta buge shi ba ya iya matse kuloci. Mil goma sha takwas ne zuwa makabarta, ga Nuwamba ta yi nisa, bakin tafki har ya fara daskarewa.

Mutanen nan dai, in ka tambayi matansu, ba su da cikakken hankali. Ƙasar da ake hawan babur wata biyar, su sai sun ja shi wata takwas, jarida cushe a ƙirji, gashin baki ya yi ƙanƙara, suna yi wa duk wanda ya riga su ajiye nasa dariya. Duane ne uban masu dariyar. Shi ya sa da ya rufe babur ɗinsa tun farkon Satumba, Arvo ya tsaya a kansa a gidan abinci, a gaban kowa, ya ce, "Ka tsufa, ka zama rago. Je ka sayi kujerar lilo." Duane ya yi murmushi, ya ci gaba da kurɓar kofinsa. Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Ban da Marlys, ba wanda ya san likita ya riga ya ba shi wata biyu.

Arvo ya yaye bargon da aka lulluɓe babur ɗin da shi. An ajiye babur ɗin yadda ya kamata, tanki cike, tsumma a bakin salansa saboda ɓeraye, batir a kan tebur. Ya mayar da batir, ya zare tsumma, ya hau. Ya cije leɓe yana jiran zafin da ya saba, ya matse kuloci.

Kulocin ya biyo hannunsa laushi kamar burodi. Ya sake matsawa. Sai a lokacin ya lura sabo ne, ga kuma siririyar waya ta bi ta shige mariƙan hannu biyu, da ɗan maɓalli a gefe.

"Mene ne wannan?"

"Na ɗumama hannu ne."

"Duane da bakinsa ya ce wannan kayan 'yan birni ne."

"Sati biyu ya yi a nan yana haɗawa. Ya ɗaura ƙusa ɗaya, ya zauna ya huta." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ya ce kai za ka kai shi, kuma ya san taurin kanka, gara hannun ya karye da a sa babur a mota. Ya ce kar in faɗa maka, za ka zage shi."

"Ai na zage shi."

"Ya gaya mini. Yana dariya ya shigo ranar."

Da ma ta ce ya yi fushi, da ya fi wa Arvo sauƙi. Ya ɗaure hular Duane a baya, ya tayar da injin.

Babura ashirin da uku suka jeru a bayan motar gawa, shi a gabanta. Bai taɓa maɓallin ba. A ransa bai cancanci ɗumin nan ba, ya bar iska ta yi ta yankan yatsunsa. A mil na goma, inda hanya ke gangarowa zuwa gada, ya nemi sauya giya, hannun ya ƙi rufuwa ko a kan kuloci mai laushin. Babur ya yi tangal-tangal. Ya ga cewa in ya ci gaba da wannan taurin kai, a kwalta zai zubar da hular Duane a gaban matarsa. Ya kai babban yatsa ya danna.

Ɗumin ya taso a hankali, ya ratsa safar hannu, ya shiga ƙashi. Yatsun suka rufu. Arvo ya yi ta kuka cikin hularsa har ƙofar makabarta, bai rage gudu ba, bai ƙara ba.

Aka kashe injuna ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya kashe nasa. Curt ya tako, yana buga ƙafa a ƙasa saboda sanyi.

"Ka kawo shi, tsoho. Sauko, ana jiranka ka kama akwatin gawa."

"Ba ni minti ɗaya."

Curt ya dube shi, ya juya ya tafi. Arvo ya zauna riƙe da mariƙan biyu gam, bai saki ba sai da suka huce.