Takardu Masu Santsi

Takardar farko ta fito daga bakin injin da ɗuminta, tana sheƙi. Mai shagon ya ɗaga ta, ya karkata ta wajen hasken ƙofa, yana yabon aikinsa tun ba a tambaye shi ba.

"Malam, ka ga aiki? Wannan ko a ruwa ta kwana ba abin da zai same ta. Jikokinka ma sai sun tarar da ita."

Malamin lissafi ya gyaɗa kai daga kan benci, idonsa na kan wayarsa. Injin laminatin ya ci gaba da haɗiyar takardu yana fitarwa, warin leda mai zafi ya cika shagon. Sai da ta ƙarshe ta fito, aka jera su aka miƙo masa, sannan ya ɗora babban yatsansa a kan ta sama ya shafa. Sumul. Ya zaro ta tsakiya, ya zaro ta ƙasa, duk labarin ɗaya ne. Zanen yana nan raɗau, baƙi a kan fari, ido na ganinsa sarai. Amma tudun layukan, wanda saboda shi aka yi takardun, zafi da matsi sun shafe shi.

"Ba za a iya ɓare ledar ba?"

Mai shagon ya yi dariya. "A ɓare? Ai sai dai ta taho da fuskar takardar. Wani abu ne bai yi ba?"

"A'a, ya yi," in ji Malam. Ya tura su cikin jaka da sauri, kamar wanda ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Takardun nan wata ƙungiya ce ta aiko wa makarantarsu. Zane-zanen lissafi ne da aka yi domin makafi: layuka masu tudu, ginshiƙai masu kaushi, da'ira da aka yayyanka, kowane da bayaninsa cikin rubutun ɗigo-ɗigo. An haɗo su da wata 'yar na'ura mai kama da rediyon hannu, wadda ke mai da zane sauti. Makauniya ɗaya ce tal a makarantar, tana ajin ƙarshe, kuma autar Malam ce. Ƙyanda ta tafi da idonta tun tana rarrafe. A lissafi ba ta da na biyu in dai magana ce ta ƙwaƙwalwa, amma da an zo kan zane sai ta naɗe hannu ta zauna, mahaifinta na gaban allo yana cewa, "Kamar yadda kuke gani." Shekaru yana faɗin haka a gabanta, har ya daina jin nauyin kalmar.

Shi kuwa Shugaban makarantar mutum ne mai ƙaunar kayan makaranta, ƙaunar da ba ta yarda a yi amfani da su. Ranar da kayan suka iso ya ƙirga su, ya yi godiya, ya rufe a kabad. Hannun yara, in ji shi, ba ya rabo da maiƙo. Malam ya roƙa sau da yawa bai samu ba. Da aka ce masu kayan za su kawo ziyara, sai dabara ta faɗo masa: a makarantar nan duk abin da ake ji da shi laminatin ake yi masa, tun daga takardar shaida har hoton tsohon shugaba. In aka sa wa waɗannan leda, Auta za ta taɓa son ranta ba fargabar datti. Shugaba ya yaba da basirarsa, shi ma ya yaba wa kansa, har ya yi wa Auta albishir kafin ya fito.

* * *

Shugaba ya shafa takardar, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye.

"To, ni ban ga ɓarna ba. Sun ma fi da kyau."

"Ranka ya daɗe, ba za ta ji komai ba. Daidai suke da gilashin taga a wurinta."

"Malam, baƙin nan da ido za su kalla ko da hannu?" Ya kwantar da murya. "In suka ji mun lalata musu kaya, ko alli ba za su sake aiko mana ba. Kuma za su tambayi wanda ya kai shago. Ni dai ba na son sunanka ya fito. Yarinyar nan tana da kai, ka zaunar da ita ta haddace guda biyu. Ta bi da yatsa, ta faɗi abin da ke ciki, a tafa mata, kowa ya kama gabansa."

Malam ya tattara takardun. A ransa ya shirya jawabi mai kyau a kan gaskiya da amana. Abin da ya fito kuwa shi ne, "To, ranka ya daɗe."

* * *

Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki a bakin ɗaki, Auta na zaune a gefenta tana ware mata zare da ya harɗe. Tun daga takun ƙafarsa ta gane shi.

"Baba, ka zo da su?"

Ya zauna, ya zaro ɗaya ya ɗora mata a cinya. Ta goge hannuwanta a zani tukuna, sannan ta aza yatsunta a hankali. Ta bi daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Ta juya takardar ta shafa bayan.

"Ina ake buɗe ledar?"

Ya gaya mata. Bai ɓoye komai ba, har da abin da Shugaba ke so. Keken ɗinkin ya tsaya.

"Malam," in ji matarsa, "kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"Ilimi dai ya yi rana." Ta ci gaba da taka kekenta da ƙarfin da ɗinkin bai buƙata ba.

Auta ta daɗe tana shafa ledar. Can ta ce, "In ban yi ba, za su kore ka?"

"Ba za su kore ni ba. Kunya dai zan sha."

"To koya mini."

Da ta yi fushi ko ta yi kuka, da ya fi masa sauƙi. Ya kama yatsanta ya ɗora a kusurwar hagu, ya ja shi a kan santsin: daga nan a hau, a hau, a tsaya daidai tsakiya, a gangaro. Wannan zanen ruwan sama ne na shekara. Da ta kasa riƙe inda ake juyawa, sai ya koma yi mata da murya, yana ɗaga sauti yana saukewa ta hanci.

"Ku ji mini mutum," in ji matarsa, "kamar sauro ya shiga kwalba."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba. Kafin rana ta faɗi yarinyar ta haddace zane biyu da ba ta taɓa ji a hannunta ba.

* * *

Ranar ziyara aka share makaranta har bayan ajujuwa. Baƙi suka zauna a jere a ɗakin taro, kowa da robar ruwa a gabansa. Aka shigo da Auta cikin sabon yunifom, aka zaunar da ita a tebur a tsakiya. Shugaba da kansa ya ɗauko takardar ya ajiye mata, yana kallon mai ɗaukar hoto.

A juye ya ajiye ta, ƙasanta a sama.

Malam na tsaye a jikin bango, ya gani. Tsakaninsa da teburin ba nisa, miƙa hannu kawai zai yi. Amma in ya gyara, ya faɗa wa ɗakin duka cewa yarinyar ba ta san a juye take ba. Ya tsaya ƙyam.

Auta ta ɗora yatsa a kusurwar hagu ta fara. Muryarta tar, ba gargada. Yatsan ya hau ta cikin farin fili inda ba komai, ya tsallake layin ya wuce, ya tsaya a kan tambarin ƙungiyar. "Nan ne ruwa ya fi yawa," in ji ta.

Malam ya sunkuyar da kai yana jiran wani ya yi magana. Sai ya ji tafi. Wata baƙuwa ta ciro hankici tana share ido. Babbansu ya miƙe ya ce abin da suka gani yau ya biya su wahalar hanya. Ba wanda ya kalli takardar, fuskar makauniyar kowa ke kallo.

Daga nan aka ɗauko na'urar, aka sa mata batir a karon farko. Shugaba ya danna. Wani sauti siriri ya taso, ya yi sama, ya ɗan yi rawa a can, ya gangaro ya yi kauri. Auta ta karkata kai, bakinta a ɗan buɗe.

"Don Allah a sake."

Aka sake mata. Wannan kaɗai ne abin gaskiya da ya faru a ɗakin. Da motar baƙi ta fita daga ƙofa, Shugaba ya cire batir don kada ya zubo ya ɓata na'urar, ya mai da komai kabad.

A gida matarsa ta ce, "Ka zana mini zane-zanen nan a kan ƙyalle, in bi da zare mai kauri. Ai ba zai gagara ba."

"Bari a wuce wannan makon," in ji shi. Makon ya wuce, wani ya biyo. Gaskiyar ita ce ko kalmar zane ba ya son ji a gidan, da an ambata sai ya tuna tafin nan. Da ta matsa masa sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. A babbar jarrabawa ba a ba makafi zane, tambayar baki ake musanya musu da ita. A nan kuwa wa zai kama ta?" Haka aka saba yi, kuma ya jingina da hakan ya samu barci.

* * *

Da safiyar jarrabawar lissafi Shugaba ya tare shi a baranda, fuskarsa fal murna.

"Malam, albishirinka. Baƙinmu sun kai labarinmu sama. An ce tunda ɗalibarmu ta ƙware a zanen taɓawa, ba sai an musanya mata tambaya ba. Takardarta ta musamman ce, da tudunta da komai. Mu ne na farko a yankin nan."

Malam ya dube shi. Shugaban ya yi murmushi na ɗan lokaci, sannan abin da ya faɗa ya iso kunnensa shi ma. Ya gyara hula, ya ce ana jiransa a ofis.

Ba a barin malamin darasi ya kusanci ɗakin jarrabawa. Ya tsaya daga nesa, inda yake hango ta ta taga, ita kaɗai a teburin gefe da mai rubuta mata amsa. Ya ga ta wuce shafukan farko da sauri, bakinta na motsi, mai rubutu na bi. Sai ta buɗe wani shafi, hannuwanta biyu suka sauka a kai, bakin ya tsaya. Ta shafa, ta koma farko, ta sake shafawa. Mai rubutun ya ajiye biro ya harɗe hannu. Har aka kaɗa ƙararrawa ba ta bar shafin ba.

Ɗalibai suka fito suna hayaniya, kowa na tambayar ɗan'uwansa abin da ya samu. Ita ce ta ƙarshe. Ya je ya tsaya a gabanta.

"Baba ne?"

"Ni ne."

"Na bar ɓangaren zane duka. Shi ne mai maki da yawa." Ta faɗa kamar mai ba da labarin wani. "Layukan suna da yawa, wani na shiga cikin wani, ban san wanda ake bi ba. Na roƙi su bar mini takardar in zo da ita gida, suka ce doka ta hana."

"Auta…"

"Amma akwai daɗin taɓawa, Baba. Ashe haka kuke gani kullum."

Suka kama hanyar gida, hannunta a damtsensa. Masu shaguna na gaishe shi, Malam an fito lafiya, ya jarrabawa, yana amsawa da kai. Sun kusa kwanar layinsu ya ji yatsanta na tafiya a kan hannun rigarsa. Ta ja shi ƙasa a hankali, ta lanƙwasa, ta hau da shi ɗaya gefen.

"Akwai wani mai yin haka, kamar kwano. Me ake ce masa?"

Ya san sunansa. A zangon farko ya koyar da shi, ya zana shi a allo da alli mai launi, tana zaune a layin gaba. Ya faɗa mata sunan.

"Au, shi ne wannan?" in ji ta. "Ai na san lissafinsa. Da na san shi ne, da na amsa."

Ta sake zana shi a hannun rigarsa, a hankali, don kada ta manta.