Mutum na Goma

Tun da Georgette Pruitt ta koma aiki bayan rasuwar mijinta Lyle, koren launin da ke kan allonta ya daina kwantar mata da hankali. Ita ce mai tsara wa babbar kwamfutar kamfaninsu a Omaha ƙa'idar aikin da za ta fara yi da wanda zai jira. Duk kantin maganin da ya turo tambaya, ko inshorar wane ta yarda a ba shi magani, ta wannan inji take bi. Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce: tara cikin goma a amsa musu kafin daƙiƙa ta cika. In an yi haka allo ya yi kore, kowa ya tafi shan kofi.

Na goman ba wanda ya taɓa tambayar labarinsa. Ita ta san shi. Mai doguwar jinya tarihinsa da yawa a rumbun bayanai, sai inji ya bi shi kaf, ya gwada wannan magani da wancan. Da ya ga aikin ya yi nauyi sai ya tura shi baya, ya sallami masu sauƙi. Haka Lyle ya yi shekarunsa na ƙarshe a tsaye gaban kantar mai sayar da magani, hula a hannu, tukunyar iskar numfashi a rataye. Yakan waiwayo ya ce, "Uwargida, injinki yana tunani." Bai taɓa faɗin haka da zafi ba. Da ma ya yi.

Yanzu duk sanda adadin masu jira ya motsa a kusurwar allo, sai ta ji kamar an yi tari irin na Lyle a bayanta.

Ran Alhamis da hantsi Dwight Kowalke, shugaban sashensu, ya leƙo yana karkaɗe garin sukari daga rigarsa.

"Tsohuwa, za ki sa hannu ko sai na kira 'yan sanda? Ƙa'idar bara ce fa, ba abin da ya canza."

"Aji daban nake so, Dwight, na masu nauyin nan. A ba su nasu lokacin da nasu matsayin."

"Allo kore shar kamar filin ƙwallo, me kuma kike nema?"

"Ya yi kore ne don ba ma ƙirga su."

Ya ja kujera ya zauna. "Kin dai san injin nan ba ya haihuwa. Abin da kika ƙara wa wani, daga bakin wani kika cire. Inda na baro, kowane sashe ya yi kuka aka ba shi matsayi na ɗaya, aka wayi gari kowa sarki, babu mai ɗaukar kaya. To, wa za ki ƙwace wa?"

"Rahoton manyan kamfani, mutanen bene."

"Ranki ya daɗe! So kike a kore ni kafin azahar? Waɗannan ba a taɓa su."

Suka bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mai tsare masa faɗa. Wanda ya rage shi ne aikin shigar da sunayen sababbin masu inshora cikin rumbu.

"Wannan ba mai kuka a kansa," in ji Dwight. "Sauke shi can ƙasa, ajin 'in an samu sarari'."

Ta san ajin. Can ne aiki ke zama, bai mutu ba bai motsa ba, sai kowa ya ƙoshi. Ta daɗe hannunta na kan madannai. Ta sauke shi.

Bayan cin abincin rana sabuwar ƙa'ida ta fara aiki. Adadin masu jira ya yi ta raguwa har ya kusa ƙarewa. Ta kasa kunne, ba ta ji komai a bayanta ba. Ta cire tabarau ta goge idonta.

Da ta mayar, sai ta buɗe ɗaya layin, na sababbin masu inshora. Sunaye na taruwa a hankali: wanda ya samu sabon aiki, wadda ta yi ƙaura, jaririn da aka haifa shekaranjiya. Duk wanda ya je kanti kafin sunansa ya shiga, ba jira za a ce ya yi ba, cewa za a yi ba a san shi ba.

Dwight ya biyo da rigar sanyi a kafaɗa. "Hankali ya kwanta, tsohuwa?"

"Su waɗannan in sun daɗe, wane launi za su nuna?"

Ya duƙa ya duba. "Ba su da launi. Wanda ba a yi wa alkawari ba ai ba a saɓa masa ba."

Ya wuce abinsa. Ta gyara zama, tana karanta sunayen yadda suke shigowa.