Sunan da Aka Ba Barau Aro

Kalangu ne ya riga isowa Darini kafin mutumin da ake yi wa kiɗan. Hansai tana kan turmi ta jiyo shi daga hanyar Batsari, ta saki taɓarya, gero ya watse, kaji suka afka wa bikin da ba a gayyace su ba.

Turai, autarta, ta faɗo gidan tana haki. "Inna, wallahi shi ne! Da kaki, da takalmin Nasara, da akwatin ƙarfe a kan jaki."

Shekara huɗu ke nan da aka tafi da ɗanta Barau yaƙin Bama. Kafin Hansai ta gyara ɗaurin zane gida ya cika, guɗa na tashi ta kowace kusurwa. Matan da bara suka zo suna ba ta haƙuri da muryar ta'aziyya, yau kowacce ta rantse ta yi mafarkin dawowarsa.

Ta leƙa ta bayan zana. Ga shi durƙushe gaban mahaifinsa, Malam Sada, ya rame, ya yi baƙi, hannunsa na hagu yana rawa yana danne shi da na dama.

"Sannu da hanya, Barau," in ji Malam.

Sai da aka maimaita ya juyo da kunnen dama.

"A gafarce ni, Baba. Igwa ce ta fashe kusa da ni. Ɗaya kunnen ya zauna can."

Aka yi dariya, don ranar komai abin dariya ne.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne, ba Barau aka nema ba tun farko. Lokacin da aka zo ɗibar soja, sunan da ya fito daga gidan Malam Sada na Armaya'u ne, ɗan fari, mai riƙe da gandu. Malam ya kwana biyu yana jan carbi, ya gano cewa Bature bai san Armaya'u ba, bai san Barau ba. Ya kira ƙaramin ya ce, "Aron suna ne kawai. In ka dawo ka mayar masa da abinsa." Barau ya tafi, ya yi shekara huɗu yana amsa sunan wansa.

Hansai ba ta ce uffan ba a lokacin. Armaya'u ɗan fari ne, ita kuwa macen kirki ce: tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "yayanku" take cewa, kuma ba ta shiga maganar da ta shafe shi. Matan Darini har misali suke yi da kunyarta.

* * *

Mako uku da dawowarsa masinja ya zo da labari. Di'o, Baturen mulki, zai sauka Safana rangadi. Duk tsohon soja ya je da takardar sallamarsa, za a maƙala masa lambar yabo, za a kuma ɗauki wasu aikin gadin dajin Rugu, da kaki da hula.

Gidan ya sake rikicewa. Turai ta zagaya maƙwabta tana shela. Barau ya fito da takalmansa yana goge su da man kaɗanya yana wata waƙar bariki da ba wanda ya gane. Hansai ta ga haƙoransa a waje, karo na farko tun zuwansa, ta ƙara ƙuli-ƙuli a miyar ranar.

Da la'asar Malam Sada ya dawo daga wajen wanda ya karanta masa takardar. Ya zauna inuwar rumbu ya kira 'ya'yansa biyu. Hansai na gefe tana sheƙar dawa.

"Takarda ta ce Armaya'u Darini."

"Ai ni ne, Baba."

"A Bama kai ne. A nan ga mai sunan zaune." Malam ya gyara murya. "Ta ce dogo, baƙi, mai zane a kumatu."

Rabin mazan ƙasar Katsina ke nan, da dukan mazan gidan.

"Ka duba, Barau. Ka tsaya gaban Bature hannu na kakkarwa, ya yi magana ba ka ji ba, wane daji zai danƙa maka? Aikin ya bar gidan nan ke nan. In kuma bakinka ya suɓuce ka ce Barau, ni za a ɗaure da furfurata."

"Ni fa ba so nake ba," in ji Armaya'u. Idonsa na kan takalman.

Barau ya juya kansa gaba ɗaya, yadda yake yi yanzu in yana son ya ji da kyau.

"Inna?"

Maganar tana nan a maƙogwaronta, cikakkiya: wanda ya je shi zai karɓa. Ta dubi faifan da ke hannunta. Ta dubi Malam.

"Maganar yayanku ce," ta ce. "Ba na shiga."

Malam ya gyaɗa kai, irin na mutumin da ya yi dacen mata.

* * *

Kwana shida aka yi ana fareti a bayan rumbu, kuma Darini ba ta taɓa ganin wasa irinsa ba. Mata suka hau turame suna leƙe ta kan danga. Ba wanda ya tambayi dalilin da manomi yake koyon sarawa, don kowa ya sani, kuma kowa na da ɗan abin da ba ya son a tambaye shi.

"Tanshan!" Barau ya daka tsawa. "Yaya, ja tumbin nan ciki. Soja ba ya zuwa gaban Bature da fura a gaba."

"Takalmin ya matse ni."

"Ni ma ya matse ni har Indiya. Wane kogi ka ƙetare?"

"Kala… Kalanda."

"Kaladan. Mutum goma sha ɗaya muka bari a bakinsa, ka riƙe sunan. In an kira ka fa?"

"Na'am."

"Na'am gidanku. Sa! Ka buga ƙafa ka ce Sa, yadda ake amsa wa Bature!"

Turai ta faɗi ƙasa don dariya. Ita ce ke shafa wa Armaya'u man shanu a dunduniya kowace safiya kafin takalmin ya yarda ya shiga. Hansai ma ta dara, har ta lura da wani abu: muddin Barau na ba da umarni, hannunsa ba ya rawa. Ta sa ran Malam zai gani. Malam yana kallon babban ɗansa.

Ranar tafiya Barau da kansa ya ɗaura wa wansa ɗamara, ya gyara masa hula, ya ja da baya ya duba.

"Ka yi soja," ya ce.

* * *

Makaɗan da suka rako Barau su suka rako Armaya'u daga Safana. Kiɗan ma bai canza ba. Ga lamba tana walƙiya a ƙirji, ga albishir: Di'o ya yaba tsayuwarsa, aikin daji ya samu. Aka yanka akuya. Maroƙi ya kama yi wa Armaya'u kirari: na Malam Sada, gagara Japan, wanda ya sha ruwan Kaladan bai ƙware ba. Kafin azahar Armaya'u na zaure yana ba dattawa labarin kogin, har ya ƙara masa kadoji.

Hansai ta zuba fura a ƙwarya ta fita ta ƙofar baya.

Ta sami Barau a gonar gyaɗa, sanye da tsohuwar taguwar wansa, ya ba ta baya yana tono. Kiɗa na isowa har nan, amma ta ɓangaren kunnen da ya zauna Bama.

"Barau."

Fartanya ta ci gaba da sara.

"Barau, ga fura."

Ta matso ta ƙara ɗaga murya. Ko waiwaye.

Ta dubi gabas ta dubi yamma. Ba kowa sai jakin maƙwabta. Shekara talatin tana tsallake kalmar nan kamar rami a hanya, ga shi ta fito a sanyaye, da ƙyar ita kanta ta ji.

"Armaya'u."

Fartanyar ta faɗi. Ya miƙe cak, ya haɗa dugadugansa marasa takalmi, ƙura ta ɗan tashi.

"Sa!"

Ya daɗe a haka, yana fuskantar kukar da ke ƙarshen gona, hannunsa ko motsi. Hansai na tsaye a bayansa da ƙwarya, ba ta san kalmar da ake faɗa wa soja ya huta ba.