Jar Motar da Jibirilla Ya Bari Amana

Mutanen wannan labari huɗu ne: Malam Abarshi, tsohon mai gadi a Gure, matarsa Yabawa, Jibirilla, ɗan ƙanensa, da Tahiru makanike.

Da Jibirilla zai tafi aiki ƙasar waje, sai ya bar wa Malam Abarshi amanar motarsa, wata ja mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda cikinta ke kusan shafar rairayi. Ya ce, "Baba, in ta ci kilomita dubu biyar, a yi mata bidanji," wato a juye baƙin mai a zuba sabo.

Malam Abarshi bai iya tuƙi ba, amma ya iya tayar da inji. Kowace safiya yakan tayar da ita minti biyu don kada jikinta ya mutu, ya leƙa lambar kilomita, ya kashe. Wata goma sha huɗu lambar ba ta motsa ba, don haka hankalinsa kwance yake.

Wata rana Yabawa ta ce, "Malam, baƙuwarka fa ta soma tari."

Ya kasa kunne, ya ji lalle muryar injin ta sauya. Ya aika aka kira Tahiru. Da Tahiru ya buɗe murfin mai, sai ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne a ciki. Malam Abarshi ya lakata, ya murza, ya sansana.

"Tahiru, fahimtar da ni. Yaya mai zai gaji alhali bai yi tafiya ba?"

"Baba, man shanu ma in ya shekara a ƙwarya, ai ba sai an taɓa shi zai lalace ba. Kuma minti biyun nan naka ba ya barin inji ya yi zafin da zai kori raɓar da ke taruwa ciki. Kai kana gaishe ta, ita tana shan ruwa."

"To, injin ya mutu ke nan?"

"Da sauransa. Da ka ƙara wata uku, sai dai mu yi wa Jibirilla ta'aziyya. Irin wannan mota, ana juye mai in kilomitan sun cika ko in an yi wata shida, duk wanda ya riga."

Kwana biyu aka jira man da ya dace daga Damagaram. Tahiru ya juye, ya sauya matatar mai, ya hau kwalta da ita har Gidigir ya dawo, tarin ya ɗauke. Ya ce ba lalle mai mota ya ji labari ba.

Malam Abarshi bai yarda ba. Ya buga wa Jibirilla waya, ya faɗi komai daki-daki.

Jibirilla ya ce, "Laifina ne, Baba. Rabin maganar na gaya maka. Ka ci gaba da riƙe ta."

"To sai ka gaya mini sauran rabin yanzu, a hankali. Ga alƙalami a hannuna."

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya fi ni sanin inji ko rubutu, in ya ga inda na kauce, ina roƙo ya gyara mini.