Agogon da Ke Ƙarƙashin Ɗorawa

Hajjo ta sake kafta fartanya a ƙasa, ba ta tono komai ba sai saiwar ciyawa. Gefen gonar duk ya zama ramuka kamar gafiya ta yi ɓarna. Ɗorawar da ta sa alama da ita babu ita. Masu gawayi sun sare ta tun lokacin da mutanen Kakangi suka gudu suka bar gonakinsu, har kututturen sun ƙone.

"'Yar Jaji, gyaɗa kike tono ko zinariya?"

Mama Sabina ce, maƙwabciyar gonarsu, tana tsaye da ɗaurin itace a ka.

Hajjo ta share gumi da bakin hijabinta. "Gwangwanin madara nake nema, Mama. Agogon Baba ne a ciki."

"Wannan koren? Ashe binne shi kuka yi! Mu da muke ta cewa tsohon ya sayar ya ci tsire."

Babu wanda bai san agogon Jaji ba a ƙauyen. Ƙuruciyarsa duk a Kaduna ya yi ta, yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin wasan golf. Ranar da zai dawo gida noma, wani Alhaji da ya daɗe yana bi ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura masa. Fuskarsa kore ce shar kamar ciyawar filin, da 'yan ƙananan ramuka irin na jikin ƙwallon, hannun da ke zagayawa kuma an ƙera shi kamar sandar wasan. Ba ya cin batir. Motsin hannu ne abincinsa. "Don masu kaɗa sanda aka yi shi," in ji Jaji, sai ya ɗaga ƙotar fartanya ya kaɗa ta a iska, mutane su yi ta dariya.

Sai daji ya ɓaci da 'yan bindiga. Kowa ya koyi fita da tsohuwar riga da silifa mai faci, don kada a ce yana da wani abu. Hajjo ta sa mahaifinta a gaba. In za shi kasuwa, "Baba, cire." In za shi masallaci, "Baba, rufe hannunka." Ranar da ta yi masa kuka, ya kwance ya miƙa mata. Ita ta naɗe shi a leda, ita ta binne. Ta ce masa sai ƙura ta lafa. Ƙurar ba ta lafa ba sai da suka koma ɗakin haya a Magajin Gari, shekaru suka shuɗe, ɓarin jikin Jaji ya shanye.

Yau da safe ya ƙi karɓar koko. Ya ce, "Hajjo, tunda an fara komawa gona, ki ɗauko min agogona. Ina jin ba zan kai kaka ba."

"Ya jikin nasa?" Mama Sabina ta tambaya.

Hajjo ta sunkuyar da kai kawai.

Tsohuwar ta sauke itacenta. "Ai kin yi nisa. Ɗorawar ba nan take ba. Ni da na daɗe ina satar muku kalwa, ni za a gaya wa?" Ta taka har kusa da wani suri, ta buga ƙafa. "Tona nan."

Ba a jima ba fartanya ta ce ƙwas. Gwangwanin ya yi tsatsa har ya huje, amma ledar ta riƙe. Hajjo ta cusa ƙullin a ƙugun zaninta, ta hau acaɓa, hannunta na kan wurin har suka shiga gari.

Ta tarar da Jaji kwance a tabarma yadda ta bar shi. Ta durƙusa ta ɗaura masa agogon. Madaurin ya yi masa yawa, ya zame har tsakiyar damtse. Ta ɗaga hannun zuwa kunnensa.

Shiru.

"Baba, ya lalace," ta ce.

"Bai lalace ba. Yunwa yake ji." Ya yi ƙoƙarin kaɗa hannun, yatsunsa kaɗai suka motsa. Ya sake gwadawa, sannan ya bari. "Ni ba ni da abin ba shi."

Hajjo ta kwance agogon ta ɗaura a nata hannun. Ta fita tsakar gida, ta zuba gero a turmi, ta hau daka kamar ana jiran tuwon biki. Matan gidan hayar suka leƙo suna tambaya ko baƙi za su yi. Da kafaɗunta suka gaji ta duba, sai ga 'yar sandar nan tana zagayawa.

Ta koma da gudu ta kara hannunta a kunnensa. Jaji ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare.

"Korensa yana nan?"

"Yana nan, Baba. Duba."

Ya buɗe ido ya ƙura wa wurin, hawaye ya gangaro gefen hancinsa. "Hazo kawai nake gani. Da na sani, ranar da na ba ki da na tsaya na kalle shi sosai."

"Baba, ni na hana ka..."

"Ke tsoro kika ji, ni ma na ji. Bar shi a hannunki. Ke ce mai daka. Kada ki ƙara cire shi."

Ta gyaɗa kai, ta manta ba ya ganinta. Suna nan haka, hannunta a kunnensa, sai aka yi sallama a ƙofar gida, muryar namiji da ba ta sani ba. Kafin ta yi tunani ta fizge hannun ta tura cikin hijabi.

"Hajjo," in ji Jaji a hankali, "na daina ji."

Mai gyaran famfo ne ashe, wata mata ta amsa masa. Hajjo ta ji takunsa ya wuce bayan gida. Duk da haka sai da ta miƙe ta saki labule, sannan ta fito da hannun.