Kayi Ba Ta Yi Kuka Ba

A kasuwar Asigame ta Lome, kamfani ne ke buga atamfa, amma bakin mata ne ke raɗa mata suna. Kamfani lamba kawai yake mannawa a gefen turmi. Sai atamfa ta je biki, ta je jana'iza, wata ta ɗaura don ta ƙunsa wa maƙwabciyarta takaici, sannan a wayi gari kowa na kiranta da suna guda, ba a san wadda ta fara ba. Wadda ba ta samu suna ba, a shago take tsufa.

Massan Adjeoda, wadda ake kira Da Massan don girmamawa, ta fi kowa sanin haka, shi ne ma ciwonta. Uwarta, marigayiya Nana Ayele, tana cikin matan da suka fara shiga marsandi a garin, kuma har gobe akwai atamfa mai ganyen ayaba da ake ce wa "Motar Ayele". Massan ta gaji shagon, ta ɗora masa bene, ta aurar da 'ya'ya, ta tura wasu Faransa, furfura ta cika mata kai. Amma ko tsumman goge tukunya babu mai ɗauke da sunanta. Duk sanda wata ta shigo ta ce a ba ta Motar Ayele, sai Massan ta yi murmushin yaƙe ta miƙa mata. Kishin uwarta take yi, ta kuma sani.

Da shekarunta suka doshi sittin sai ta ɗaura ɗamara. Ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Turai a kan sabon samfuri, shuɗi mai duhu da tsuntsu ruwan gwal ya buɗe fiffike, ita kaɗai za ta riƙa shigo da shi. Ta tsara komai. Ranar bikin zagayowar haihuwarta za a fito da shi, a coci da kasuwa lokaci guda, kuma ta riga ta yi wa 'yan dako mata ihsani domin su riƙa yaɗa cewa sunansa "Massan Ta Iso". Kowa ya san ba a sayen suna a Asigame. Ita ma ta sani, amma tana ganin wannan dokar ta masu ƙaramin jari ce.

Domin atamfar ta mamaye gari a yini guda, sai ta raba diloli ga ƙananan 'yan kasuwa tun da wuri, kowace ta sa hannu a takarda cewa ba za ta kwance ba sai ranar bikin. Cikinsu har da Kayi, wadda ta taso a shagon Massan tana ɗaukar kaya a ka, yanzu kuma tana da ɗan shagonta a lungun masu sayar da zare.

Wata Asabar Massan na cikin mota sai aka tsayar da su, masu jana'iza za su wuce. Ta leƙa. Ga akwatin gawa a gaba, ga mawaƙan coci a baya sun yi layi suna rera waƙa, kowace ta sha shuɗi mai duhu da tsuntsu ruwan gwal. Atamfar da ta tanada don ranar farin cikinta ta fara ganin duniya a bayan mamaci.

Da ta bincika aka ce mata daga shagon Kayi ta fito. Ba ta aika a kira Kayi ba, da ƙafarta ta je lungun masu zare, rabin kasuwa na biye da ita.

"Kayivi, ke kika kwance dilata?"

Kayi ta russuna. "Ni ce, Da Massan. Shugabar mawaƙanmu ce ta rasu, suka rasa anko. Na ce ai 'yan turame kaɗan ba za su rage ki da komai ba."

"Ba za su rage ni ba? Ke da na ciyar da tuwon akume har kika yi kumatu?"

"Ki yi haƙuri, Da."

"Ajiye haƙurinki. Ku ji da kyau, ku da kuke tsaye. Sai yarinyar nan ta yi kuka a gaban alƙali, kukan da za a ji har bakin teku."

Lauyanta, Metir Agbeko, tsohon hannu ne. A kan shari'ar fili guda ya gina gidansa, ya kuma yi wa 'ya'yansa makaranta, masu filin sun mutu shari'ar na nan da ranta. Da ya karanta takardar sai ya yi tsaki, ya cire tabarau.

"Maman, wannan ta kotun kasuwanci ce. Ba irin kotun da muka saba ba ce. Yara ne aka zuba a can, ba su da ladabi. Ko mura lauya yake yi ba sa ɗage zama."

"To ba shi ke nan ba?"

"Ke kika ga shi ke nan. Ni da wannan ta faɗo hannuna a zamanin da, sai mun tsufa tare da ita."

Gaskiyar magana, Massan ma irin ta da take so. Ta riga ta hango Kayi tana rufe shago tana zaryar kotu damina da rani, tana ramewa, takalminta na cinyewa. Har ta ba tela ɗinkuna, kowane zama da kayan da za ta sa. Tela bai gama yanka na biyu ba saƙo ya shigo wayarta, an sa rana.

Alƙalin mace ce, siririya, ba ta kai 'yar Massan ta fari ba. Ta fara shigar da su, har da lauyan, wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, ta ce a nan al'ada ita ce a nemi sulhu kafin a shiga zaure.

"Madam Kayi ta ba da haƙuri, ta maido sauran kayan, ku ci gaba da kasuwancinku. Babu wanda zai ji. Madam Kayi?"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

"Madam Adjeoda?"

Massan ta dubi ƙofar da ke rufe, ta dubi bangon da ba ko taga. "A nan? Mu huɗu? 'Yata, ni a gaban kasuwa na yi magana, a gaban kasuwa za a gama."

Alƙali ta ɗan dube ta ta saman tabarau, ta rufe fayil.

Ranar zama Massan ta ɗauki hayar motoci aka kwaso mata daga Asigame, masu atamfa da masu kifi da 'yan dako, domin kada wata ta ce ba ta gani ba. Zaure ya cika, wasu suka tsaya a tagogi. Sai ga Kayi ta shigo, ba lauya, ba rakiya, ta ci ado da shuɗin nan mai tsuntsu daga ɗankwali har ƙasa, zani biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya kuwa karɓe ta, wannan shi ya fi ƙona wa Massan rai.

Metir Agbeko ya miƙe, ya gyara baƙar rigarsa, ya ɗauko tarihi tun daga ranar da Nana Ayele ta fara tallan ƙyalle a faranti. Bai kai ga marsandi ba alƙali ta tare shi.

"Metir, wane sharaɗi aka karya?"

Ya faɗa, murya a sanyaye, ya zauna. Massan ta ga abin zai wuce ta, ta miƙe da kanta.

"Ranki ya daɗe, yarinyar nan da ƙwarƙwata ta zo gidana. Ni na tsefe ta da hannuna."

"Yana cikin yarjejeniyar?"

"Wane?"

"Ƙwarƙwatar."

"Ba ya ciki."

"To zauna, Madam." Ta juya. "Madam Kayi, hannunki ne wannan?"

"Nawa ne."

"Kin sayar kafin ranar?"

"Na sayar."

"Kina da abin faɗa?"

"Gawa ce a ƙasa, mata kuma suna tsaye a bakin shagona. Ban kyauta ba, amma na sayar."

Shi ke nan shari'ar. Masu kifi ma ba su gama gyara zama ba. Da aka dawo jin hukunci a mako na gaba, taron ya fi na farko, wannan karon kowace da kuɗin motarta ta zo. Alƙali ta karanta: Kayi ta karya alkawari, an soke yarjejeniyar, za ta biya diyya, za ta kuma maido duk abin da ya rage na atamfar a hannunta. Massan ta ci shari'a, ci kuwa mai tsabta. Ta juya tana neman fuskar Kayi.

A kan matakalar kotu suka haɗu, rana tsaka, idon kowa a kansu. Kayi, wadda ta sake zuwa da shuɗin nan a jikinta, ta kwance ɗankwalinta ta ninke. Ta kwance zanin sama ta ninke shi da kyau yadda aka koya mata a shago, ta russuna, ta ɗora su a hannun Massan.

"Da Massan, alƙali ta ce duk abin da ya rage. Rigar da ɗaya zanin sai na wanke zan aiko."

Ta gangara, kai ba ɗankwali, ta tsayar da ɗan zemijan, ta haye bayan babur ɗin, har da ɗaga wa masu zare hannu. Idonta a bushe ƙamas. Sai wata 'yar dako, cikin waɗanda Massan ta yi wa ihsani ma, ta ce da ta kusa da ita, "To, Kayi dai ba ta yi kuka ba."

Ranar bikin, coci ya cika da shuɗi da gwal, yadda Massan ta tsara. Tana kan kujerar gaba sai ta ji matar wani babban ma'aikacin kwastan a bayanta tana raɗa wa ƙawarta, "Ke ma kin samu Kayi Ba Ta Yi Kuka Ba? Ni da kyar na samu."

Atamfar ta yi kasuwar da Motar Ayele ba ta taɓa yi ba. Wadda miji ya bari ta saya, wadda mai gida ya kora daga haya ta saya, wadda aka hana ƙarin girma a ofis ta ɗinka ta tafi aiki da ita ranar Litinin. Daga Kwatano da Akara ake zuwa sari. Kuma tunda Massan kaɗai ke shigo da ita, bayan dilolin farko sun ƙare babu inda ake samunta sai shagonta. Tun safe har a tashi kasuwa, sunan Kayi ne ke shiga shagon yana fita.

Ta koma wurin Metir Agbeko ta ce a hana sunan.

"Wa za mu kai ƙara, Maman? Asigame?" Ya ɗan yi tunani, idonsa ya yi haske. "Amma in kin yarda mu gwada tsohuwar kotu, can za su karɓa. Jikokinmu sa ji hukunci."

Ba ta yarda ba. Ta tafi kotun kasuwancin da kanta, ta samu magatakarda, wani saurayi mai fara'a, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe.

"Maman, da wa kika yi yarjejeniya a kan sunan?"

"Ba kowa."

"To mu nan alkawarin da aka ƙulla muke dubawa. Na atamfar kin ci. Ai ina taya ki murna, matata ma ta sa na saya mata."

Bayan wasu watanni, wata tsohuwa daga Kpalime ta hau benen shagon tana haki, ta zauna a benci ta huta.

"Nan ne ake sayar da Kayi?"

"Nan ne, Mama."

Tsohuwar ta ƙare mata kallo, daga sarƙar gwal har zoben hannu. "Ke ce Kayin?"

"A'a."

"Ayya. Na so in gan ta da idona. Can wajenmu duk yarinyar da aka haifa bana Kayi ake kiranta, ko ba ita ce 'ya mace ta uku ba, wadda a al'adarmu ita ce mai sunan. An ce wata mai kuɗi ce ta kai ta kotu, ta tuɓe mata zani a gaban jama'a. Ya ma sunan matar?"

Massan ta tsaya da turmi a hannu. Yaran shago suka sunkuyar da kai. Sunan yana bakinta, sunan da ta yi shekaru tana so a tambaya.

"Oho dai," in ji tsohuwar, tana kwance bakin zaninta. "Na tambayi mutane da yawa, ba wanda ya riƙe."

Massan ta shimfiɗa atamfar a kan tebur, ta shafe tsuntsun da tafin hannu.

"Turmi nawa za a ba ki, Mama?"